Lamba 3,600: Daga Gonakin Dabinon Khaibar Zuwa Fuskar Agogo

 Yau a filinmu na ilmin kimiyya lamba guda tak za mu ɗauka, mu juya ta gaba da baya kamar yadda dillali ya ke yi wa doki ran kasuwa, mu ga abin da ke cikinta. Lambar kuwa ita ce dubu uku da ɗari shida, 3,600. Wanda ya ke da alƙalami da takarda kusa, ya jawo su, gama za su yi masa amfani.

A ɗakin nan da na ke yi muku magana akwai wani babban agogo a bango, mai jan hannu, wanda ba ya hutawa. Kafin awa guda ta cika sai ya motsa sau 3,600. Amma ba daga agogo za mu fara ba. Za mu fara daga wani gari na ƙasar Hijaz, inda aka taɓa raba ƙasa kashi 3,600.

Khaibar tana arewa da Madina, kamar tafiyar mil 95, watau kilomita 150 da 'yan kai. Dausayi ne a tsakiyar baƙaƙen duwatsu waɗanda wuta ta amayo tun zamanin da, ga maɓuɓɓugan ruwa, ga dabino ba iyaka. Yahudawa ke zaune a wurin cikin garuruwa masu ganuwa, kamar su Naɗat, da Shiƙƙu, da Katiba. A shekara ta 7 bayan Hijira, watau 628 ta Masihiyya, Musulmi suka ci Khaibar. Aka bar mutanen garin su ci gaba da noman gonakin bisa sharaɗin rabin amfanin gona nasu ne, rabi na Musulmi, aka riƙa aika Abdullahi ɗan Rawaha ya kintata yawan dabinon tun yana bisa. Haka aka zauna har zamanin halifancin Umaru, wanda ya tashe su.

To, ga inda lissafi ya shigo. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya raba Khaibar kashi 36, kowane kashi kuma yana ɗauke da rabo 100. Talatin da shida sau ɗari, 3,600 ke nan. Aka keɓe rabi domin baƙi masu zuwa da sauran bukatun da kan taso, ɗaya rabin kuwa, rabo 1,800, aka ba mayaƙa. Ibnu Ishaƙa, mai littafin tarihin Annabi, ya ce mutane 1,400 ne, dawaki 200. Kowane mutum rabo ɗaya, kowane doki rabo biyu. Ku haɗa: 1,400 da 400, ya tashi 1,800 cif, ba ragi ba ƙari. Aka kasa su ɗari ɗari, ƙungiya 18, kowace da shugabanta. Cikin shugabannin akwai Aliyu, da Zubairu, da Ɗalha, da Umaru, da Abdurrahmani ɗan Aufu. Ƙasar da Umaru ya samu a Khaibar ita ce ya mayar waƙafi, ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gādo.

Kada wani ya ce na ce an zaɓi lambar nan ne don kyawunta. Yawan mutane da dawaki shi ya haife ta. Sai dai ta zo da wani hali wanda ya sa rabon ya tafi sumul, halin nan kuwa shi ya jawo wata muhawara da malamai suka daɗe suna yi.

Akwai wata ruwaya ta biyu, daga Mujammi'u ɗan Jariya, wadda ta ce rundunar mutum 1,500 ce, 300 daga cikinsu mahaya, aka ba mahayi rabo biyu, dakare rabo ɗaya. Ku lissafa wannan kuma. Dakaru 1,200, rabo 1,200. Mahaya 300 sau biyu, 600. Jimla 1,800! Ku koma ga ta farko: dakaru 1,200, mahaya 200 kowanne da rabo uku, nasa ɗaya na dokinsa biyu, 600 ke nan. Jimla 1,800. Labari biyu masu saɓa wa juna, amma kowanne ya cika lissafi daidai. Ba kuwa ƙaramin abu ba ne, domin hukunci ya rataya a kai. Imam Abu Hanifa ya tafi a kan mahayi rabo biyu gare shi. Imam Malik, wanda mazhabarsa mu ke bi a ƙasar Hausa, da Imam Shafi'i, suka ce uku.

Me ya hana lissafi ya raba gardamar? Dalili shi ne, bayan an fid da na dakaru, abin da ya saura 600 ne, ita kuwa 600 biyu tana shiga cikinta daidai, uku ma tana shiga. Da a ce ragowar 603 ce, da uku kaɗai za ta shiga, da mai alƙalami ya yanke shari'ar nan take. Da 602 ce, da biyu kaɗai. Tun da ya ke lambar mai sauƙin kai ce, kowa ya zo ta karɓe shi, sai malaman hadisi suka koma ga nasu ma'auni, watau duba masu ruwaya. Abu Dawuda da kansa ya ce an yi kuskure a ruwayar 300, mahaya 200 ne, ga kuma hadisin Ibnu Umar a cikin Buhari mai cewa ran Khaibar an ba doki rabo biyu, mutum ɗaya.

Yanzu bari mu buɗe cikin lambar mu ga inda sauƙin kan nan ya fito.

Masana lissafi sun kasa lambobi gida biyu. Akwai waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13. Bari mu kira su gagara-rabo. Sauran duka haɗaɗɗu ne, an gina su ne da gagara-rabo, kamar yadda a ke gina soro da tubali. Kowace haɗaɗɗiyar lamba kuwa hanya ɗaya tak a ke gina ta, ba ta da ta biyu. Tushen wannan magana yana cikin littafin Iƙlidis Bayunane, wanda aka rubuta wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Mu rushe 3,600 mu ga tubalanta. Raba ta biyu, 1,800. Raba kuma, 900. Kuma, 450. Kuma, 225. Nan biyu ta tsaya. Raba 225 uku, 75. Kuma uku, 25. Ita 25 biyar sau biyar ce. Ashe tubali takwas ne: biyu har guda huɗu, uku guda biyu, biyar guda biyu. Ba wani babban tubali a ciki ko ɗaya. Asirin ke nan duka.

Daga nan za mu iya sanin lambobi nawa ke raba ta daidai ba tare da mun gwada su ɗaya ɗaya ba. Duk lambar da za ta raba 3,600, tilas da waɗannan tubala aka gina ta. Wajen biyu, kana iya ƙin ɗauka, ko ka ɗauki ɗaya, ko biyu, ko uku, ko duka huɗun: hanya biyar. Wajen uku, hanya uku. Wajen biyar, hanya uku. Kamar mutum ne mai riga biyar, wando uku, hula uku. Shiga iri nawa zai iya yi? Biyar sau uku sau uku, 45. To, lambobi 45 ke raba 3,600 ba saura.

Don ku san 45 ba kaɗan ba ne, ku duba maƙwabtanta na jikin katanga. A rage ɗaya, 3,599: ita 59 sau 61 ce, dukansu gagara-rabo, masu raba ta huɗu ne kacal. A ƙara ɗaya, 3,601: 13 sau 277, ita ma huɗu. Da a ce mutum guda ya ƙaru ko ya ragu a lissafin, da ba zancen kasawa ɗari ɗari. Ku duba manya kuma. Dubu goma tana da 25. Keso, watau wuri 20,000 da kakanninmu su ke ɗinkewa cikin tabarma a kasuwar Kurmi, yana da 30, fatake uku kuwa ba su iya raba shi daidai, sai wuri biyu sun yi saura. Miliyan guda, duk girmanta, 49 gare ta, ta fi tamu da huɗu kawai, ita ma uku ba ta shiga cikinta. Girman lamba dabam, yawan masu raba ta dabam.

Wataƙila wani ya lura 45 wutiri ce, abin da yara ke ce wa mara in suna wasan cika ko mara. Wannan baƙon abu ne, domin masu raba lamba tagwaye su ke zuwa: 2 da 1,800, 18 da 200, 36 da 100. In tagwaye ne, ai kamata ya yi jimlarsu ta zama shafa'i. Abin da ya faru shi ne akwai guda wadda ba ta da abokiyar tagwaici sai kanta, ita ce 60, gama sittin sau sittin 3,600 ne. Tagwaye 22 da tilo ɗaya, 45. Irin wannan lamba ita a ke kira murabba'i, domin in ka shuka dabino 3,600 layi layi, za ka sami gona mai layi 60 kowane gefe. Murabba'i kaɗai ke da wannan hali na wutiri. Ga kuma wani abin sha'awa ga mai haƙuri: in ka tara lambobin wutiri sittin na farko, 1 da 3 da 5 har 119, abin da za ka samu 3,600 ne.

Akwai wani kashi kuma da mutanen da su ke ji da shi ƙwarai. Wani Bayunane, Nikomakus, wajen shekara ta 100 ta Masihiyya, ya ce a tara dukan masu raba lamba, ban da ita kanta, a gwada da ita. In jimlar ta yi daidai da ita, cikakkiya ce, kamar 6, wadda ta ke 1 da 2 da 3, ko 28. In jimlar ta kasa, tauyayya ce. In ta zarce, mai yalwa ce. Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, shi ya juya littafin nan zuwa Larabci, daga nan kalmomin tammu, da naƙisu, da za'idu suka shiga bakin malaman hisabi. Tamu fa? Masu raba 3,600 in an tara su sun kai 8,893, fiye da ninkinta biyu. Mai yalwa ce ƙwarai. Maƙwabciyarta 3,599 kuwa 121 kawai ta tara. Cikakku su ne masu wuyar samu: Nikomakus huɗu ya sani, 6, 28, 496, da 8,128, ya zuwa 2024, duk da taimakon kwamfuta, 52 aka gano, dukansu shafa'i, har yau kuwa ba wanda ya sami ta wutiri ko ya tabbatar babu ita.

Mu koma Khaibar kaɗan, amma can baya. A 2024 masu tonon tarihi na Faransa da Saudiyya suka ba da labarin wata tsohuwar ganuwa mai tsawon kilomita 14 da rabi, wadda ta taɓa kewaye dausayin kamar yadda badala ta kewaye Kano, an gina ta tsakanin shekara ta 2250 da 1950 kafin haihuwar Annabi Isa. A zamanin da a ke ɗora duwatsun ganuwar nan, can gabas a ƙasar da a ke kira Iraƙi yanzu, mutanen Sumer sun riga sun daɗe suna lissafi da sittin sittin. Yadda mu mu ke da goma, da ɗari, da dubu, su sittin gare su, sa'an nan sittin sau sittin. Lambar nan 3,600 har suna gare ta nata na kanta, shar, da alama guda wadda su ke dannawa a kan allon yumɓu. Mutanen Babila suka gāje su.

Me ya sa sittin? Waɗansu suna zaton daga yatsu abin ya fito: ka ƙirga gaɓoɓin yatsu huɗu da babban yatsa, kamar mai tasbihi bayan salla, 12 ke nan, hannu ɗaya kuma yana riƙe da sau nawa aka yi, har biyar. Zato ne. Abin da ba zato ba shi ne, 60 ita ce ƙaramar lambar da 1, 2, 3, 4, 5 da 6 duka ke rabawa daidai, saboda haka masu duban taurari suka riƙe ta. Batlamus na Iskandariya ya yi aiki da ita a ƙarni na biyu, malaman falaki na Musulmi suka karɓa daga gare shi, har ta iso fuskar agogo. Kashi na farko Larabawa suka ce masa daƙiƙa, watau ɗan mitsitsi. Kashi na biyu suka ce saniya, watau ta biyu. Mu a gidan rediyo mun saba ce wa sakan daƙiƙa, Balarabe kuwa in ya ce daƙiƙa minti ya ke nufi. Na taɓa shan kunya a kan wannan, na tsaya ina jiran mutum daƙiƙa goma irin tamu, shi kuwa tasa ya ke nufi.

An yi ƙoƙarin tumɓuke sittin daga agogo. A 1793, lokacin juyin mulkin Faransa, aka yi doka a raba yini da dare awa 10, kowace awa minti 100, kowane minti sakan 100. Ba a kai shekara biyu ba, a 1795, aka jingine dokar. A wajen kuɗi kam goma ta yi nasara. Dattawa za su tuna fam na da, mai sule 20, kowane sule kwabo 12, watau kwabo 240. Mutum uku su kan raba fam kowa ya tashi da sule 6 da kwabo 8, ba jayayya. Fam 15 kuwa kwabo 3,600 ne daidai. Ingila ta bar wannan tsari a 1971, Nijeriya ta koma naira a 1973. Lissafin naira ya fi sauƙi a takarda, ban musa ba, amma a ba mutum uku naira ɗari su raba a ga yadda za a ƙare.

Inda wannan magana ta fi shafar mai sauraro shi ne rabon gādo. Kason da Alƙur'ani ya ambata shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Dukansu da biyu da uku aka gina su, saboda haka 24 ta ishe su, 24 kuwa tana shiga 3,600 sau 150. A ce mutum ya rasu ya bar damin gero 3,600, ya bar mata, da uwa, da uba, da ɗa namiji guda. Mata sumuni, 450. Uwa sudusi, 600. Uba sudusi, 600. Saura 1,950 na ɗa. Ba a kwance ko dami ɗaya ba.

Amma a ce 'ya'yan maza uku ne da mace ɗaya. Namiji rabo biyu, mace ɗaya, kashi bakwai ke nan. Raba 1,950 bakwai mu gani. Ba ta rabuwa. Nan lambarmu ta gamu da gamonta, gama ba bakwai cikin tubalanta. Daga ɗaya har goma duka suna shiga cikin 3,600, sai bakwai kaɗai ta ƙi. Abin da alƙali ko malamin gādo zai yi shi ne ya ninka asalin mas'alar, 24, sau bakwai, ya sami 168: mata 21, uwa 28, uba 28, kowane ɗa 26, 'ya 13. Watau tubalin da babu shi ya kawo ya ƙara.

In mun yi wa 3,600 haka, muka ninka ta sau bakwai, za mu sami 25,200, yawan sakan da ke cikin awa bakwai, wadda ɗaya har goma duka ke rabawa. Sai dai ba ita ce ƙarama mai wannan hali ba. Ushirinta ma ya isa, 2,520. Bisa wannan lamba akwai labarin da Baha'uddini Al-Amili, wanda ya rasu a 1621, ya kawo cikin littafinsa Khulasatul Hisab: wai an tambayi Sayyidina Aliyu, shi da ya riƙe tuta ran Khaibar, wace lamba ce ke da rabi, da sulusi, da rubu'i, da humusi, har zuwa ushiri, ba gutsure, ya amsa a ninka kwanakin mako da kwanakin shekara. Bakwai sau 360, 2,520. Littafin ya zo wajen shekara dubu bayan Aliyu, saboda haka ni labari na ɗauke shi. Shekara mai kwana 360 kuma ta masu lissafi ce, ta wata 354 ce, ta rana 365. Amma lissafin kansa ba shi da aibu, kowa ya gwada.

Ita 2,520, ko da ya ke ba ta kai 3,600 girma ba, masu raba ta 48 ne, ta fi ta da uku. Wani Ba'indiye, Ramanujan, ya buga dogon bincike a London a 1915 bisa lambobin da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu raba su, irin su 12, 24, 60, 360, 2,520. Tamu ba ta sami shiga wannan sahu ba, tun da ƙanuwarta ta riga ta. Mai bi wa 2,520 a sahun ita ce ninkinta, 5,040, mai 60, wadda Aflaton ya zaɓa tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa ta zama yawan gidajen birnin da ya tsara a littafinsa na dokoki, don a iya kasa jama'a kowane iri wajen haraji da yaƙi. Daga ɗaya har goma sha biyu duka suna raba ta, sai goma sha ɗaya.

Jan hannun agogon nan ya kusa kai inda zan tsaya. Ga aikin da zan bar wa 'yan makaranta da malamansu: wace lamba ce mafi ƙanƙanta wadda ɗaya har goma sha biyu duka ke rabawa ba saura, goma sha ɗayan ma a ciki? Ku fara daga 2,520, ku duba tubalin da ya rage. Wanda ya samu ya rubuto mana, mu karanta sunansa da garinsa a filin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.